Farce Biyu Da Madam Ta Ƙi Yankewa

Akwai wata mai kwalliya da ke da shago a bakin titi, tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran waya. Kowa Madam yake ce mata, har ƙawayen mahaifiyarta. A aiki ba ta da makusa. Idan ta ja wa mace layin kwalli a saman ido, sai a rantse da abin awo aka ja shi. Amma bakinta, Allah ya kyauta. Babu wadda ta taɓa zama a kujerarta ta tashi ba a gaya mata aibin fuskarta ba.

Wadda ta fi kowa shan wannan baki ita ce ƙanwarta, Auta. Auta malamar makaranta ce, ƙananan yara take koyarwa, kuma tun tana ƙarama take sa tabarau mai kauri, irin wanda ke mayar da ido ɗan mitsitsi. Madam ce ta raɗa mata suna Gindin Kwalba. Sunan ya fita daga gida ya bi ta makaranta, ya girma tare da ita, ya bi ta har wurin aiki.

Ranar da wani saurayi ya fara zuwa wurin Auta, Madam ta leƙo ta taga ta ce, "Gindin Kwalba, kin dai gan shi da kyau ko in miƙo miki tabarau na biyu?" Saurayin ya yi dariya don kunya. Auta ba ta yi ba.

Ɗaki ɗaya suke kwana a gidan Mama. Madubi da kwalabe da gwangwanayen hoda sun cinye fiye da rabin ɗakin. Auta kuwa ɗan tebur gare ta a lungu, inda take duba littattafan yara.

Abu biyu Madam ke taƙama da su, idonta da faratanta. Faratan nata ne na Allah, ba na kanti ba. Ta tara su zaƙo-zaƙo, tana goge su tana shafa musu mai kamar jarirai. Duk hoton aikin da za ta ɗora a waya, sai an ga hannunta a ciki riƙe da haɓar wadda aka yi wa kwalliya. Saboda faratan nan ba ta wanki, ba ta wanke-wanke. Auta ce ke yi, sannan a dubi hannunta a ce mata mai yatsun tsofaffi.

To, idon ne ya fara ba ta matsala. Rubutun allon da ke tsallaken titi ya fara haɗewa. Sai ta ƙanƙance ido kafin ta gane mai shigowa. Da yamma kanta ya riƙa sarawa. Wata rana wata mata ta dubi madubi ta ce, "Madam, kamar girar nan ta fi waccan hawa sama." Madam ta wanke ta tas, ta ce fuskarta ce a karkace tun haihuwa. Amma da ta matsa kusa ta duba, ta ga gaskiyar matar.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta nemi wani asibitin ido can nesa da unguwarsu, inda ba za ta haɗu da idon sani ba. Likitan, wata mace mai magana a hankali, ta gwada ta da haruffa manya da ƙanana, sannan ta ce tabarau take buƙata.

"Ban gane ba," in ji Madam.

"Tabarau. Ba ciwo ba ne, idon ne ke son taimako."

"Likita, ki dube ni da kyau. Ni ce zan maƙala gilashi a hanci? Ki nemo wani abin."

Likita ta ce akwai lens, wato ɗan abin nan mai laushi kamar ɓawon albasa da ake ɗorawa a kan baƙin ido, ba mai ganin sa. Amma yana da sharuɗɗa. Da farko a sa na ɗan lokaci a cire, ana ƙarawa a hankali har ido ya saba. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi. Ba ya shiri da ruwan famfo, yana da ruwansa na musamman. Ba a barci da shi. Idan ido ya yi ja ko ya fara zafi, a cire nan take a sa tabarau, a dawo asibiti. Don haka ko da lens ɗin, sai an yanka mata tabarau na ajiya.

Madam ta ce ba ta son na ajiya. Likita ta dubi hannunta ta ce, "Sannan faratan nan. Ba duka ba, biyu kawai za ki yanke, na babban yatsa da na manuniya. Da su ake ɗan matse lens a ciro shi."

Madam ta yi murmushin da take yi wa masu neman ragi. Ta ce ta ji. A ranta kuwa cewa ta yi, wadda ko jambaki ba ta iya sawa ba ce za ta koya mata yadda ake kula da hannu.

Sawa ba ta ba ta wahala sosai ba, don da tafin yatsa ake ɗorawa. Ranar farko da ta fito titi ta ga kowane ganye a jikin bishiya, har ta ji daɗi ya kama ta. Amma kafin rana ta take, idon ya fara jin kamar gashi ya faɗa ciki. Hawaye na zuba, tana ƙyafta ido ba ƙaƙƙautawa. An ce ta sa na ɗan lokaci, ita kuwa ta wuni da shi, don shago cike yake kuma ba ta da tabarau da za ta koma wa.

Shagon kwalliya kuma ba wurin sabon lens ba ne. Hoda na tashi, ana fesa turare, ana fesa man gashi, ga fanka na busar da ido. Madam ba ta ga laifin kanta ba. Laifin kowa ta gani.

A kusurwar shagon akwai wata dattijuwa mai kitso da suke raba wurin tare tun buɗewa. Ita ta fara shan ruwan masifa.

"Ki kashe fankar nan."

"Madam, zafi fa ake. Ga mutum a gabana tana gumi."

"Na ce ki kashe. Shagon naki ne ko nawa?"

Mai kitso ta kashe fanka, ta ci gaba da tsaga. Bayan ɗan lokaci Madam ta ce wa ya kashe fanka ana wannan zafin, so ake a kashe ta ne. Haka aka wuni.

Cirewa ce ta zama yaƙi. Ta shige banɗaki ta kulle ƙofa don kada Auta ta gani. Ta kai yatsu, farce ya riga tsoka isa. Ta juya hannu ta gefe, lens ya zame ya gudu ƙarƙashin fatar ido. Ta ja, ta murza, ta zagi likita, ta zagi wanda ya ƙirƙiro abin, ta zagi fitilar banɗakin. Da kyar ya fito, idon ya yi jajir. Almakashin yanke farce na nan a kan tagar, tana kallon sa. Auta kuma na bayan ƙofa da gajerun faratanta tana tambaya, "Yaya, lafiya?"

"Ban sani ba. Mutum ba zai shiga banɗaki ba sai an sa masa 'yan sanda?"

Abin da ya kamata ta yi a fili yake, ko ta yanke farce biyu, ko ta buɗe ƙofa ta ce ƙanwata zo ki taimake ni. Amma yanke farce zai sa a tambayi dalili, buɗe ƙofa kuma zai sa Gindin Kwalba ta san cewa idon Madam ma ya gaza. Ta ga mutuwa ta fi mata wannan sauƙi.

Sai ta yanke shawarar da ta fi kowace muni. Ta daina cirewa. Ta kwana da shi, ta tashi da shi. Idan ya bushe ya manne da safe, sai ta tari ruwan famfo a tafi ta watsa a ido har ya saki. Sannan ta zauna gaban madubi ta zizara kwalli a cikin idon, a kan lens ɗin, don ita ba ta fita da ido fari.

Daga asibitin aka kira ta a waya, aka ce lokacin dawowa a duba ta ya yi. Ta ce musu abin da suka ba ta jabu ne, kuma idan suka sake kiran ta sai ta tona musu asiri a duniya. Ta kashe waya.

Idon hagu ya fara ja ba ya washewa. Ta shiga kantin maganin da ke jikin shagonta ta ce a ba ta maganin ɗigawa mai sa ido fari. Mai kantin ya ce gara likita ya fara gani. Ta ce ba shawara ta zo saye ba. Maganin yakan ɓoye jan na ɗan lokaci, sai ya dawo ya fi na da. Da haske ya fara damun ta, ta sayi baƙin gilashi mai faɗi ta toshe fuska. Wannan gilashin ba ta ji kunyar sa ba, tunda na gayu ne.

Wata safiya tana ɗiga magani a gaban madubi, Auta ta tsaya a bayanta da jakar makaranta a kafaɗa.

"Yaya, lens kike sawa."

Madam ta juyo kamar an watsa mata ruwan zafi. "Wa ya gaya miki?"

"Na ga ɗan akwatinsa a cikin gwangwanin hoda, a bushe. Kwana kike da shi. Don Allah ki bari in cire miki, mu je asibiti."

"Binciken kayana kike yi? Ke da ba kya ganin gabanki sai an ɗaura miki kwalba, ke ce za ki sa mini yatsa a ido? Ki ji da taki makantar."

Mama ta leƙo daga tsakar gida ta ce, "Wai me ke faruwa da sassafe?"

"Hassada ce, Mama. So take kowa ya zama irinta."

Auta ta gyara zaman tabaraunta, ta fita. Mama ta ce wa Madam idon nan fa ba ya mata kyau. Madam ta ce hoda ce, ta ɗauki jaka ta bar gidan ko karyawa ba ta yi ba.

Ranar da abin ya fashe, rana ce ta babban aiki. Wata amarya da ƙawayenta za su zo da hantsi. Madam ta tashi idon hagu a manne da kwantsa, yana zugi har cikin kai. Ta lallaɓa ta fice kafin kowa ya gan ta, ta buɗe shago ita kaɗai. Ta kunna fitilar madubi, hasken ya soke ta har ta dafe tebur. Yanzu kam ta yarda dole abin nan ya fita.

Ta kai yatsu, farce ya hana. Ko a nan, da almakashi a cikin aljihun teburin, ba ta yanke ba, don za a ɗauki hoton amarya da hannunta a ciki. Sai idonta ya faɗa kan ɗan hantsakin da take ɗaukar gashin ido na kanti da shi. Hannunta ya saba da shi, ta manna wa ɗaruruwan mata gashi da shi ba ta taɓa kuskure ba. Ta buɗe idon da yatsa ta kai ƙarfen. Idon ya ƙyafta da kansa.

Mai kitso ce ta same ta durƙushe a ƙasa, ta rufe fuska da hannu biyu, hawaye na bi ta tsakanin faratan. Ba ta tambaye ta izini ba, ta kira Auta.

Auta ta bar aji ta zo, da alli a hannun rigarta. Ta wuce wurin famfo ta wanke hannu da sabulu, ta goge, ta ce, "Zauna a kujerar."

"Kada ki taɓa ni."

"Na ce ki zauna."

Tunda aka haife su Madam ba ta taɓa jin wannan murya daga bakin Auta ba. Ta zauna a kujerar da take zaunar da mutane. Auta ta ɗaga mata haɓa, ta ce ta kalli sama, ta sa yatsu biyu a idon dama. Kafin Madam ta ja numfashi, lens ɗin na kan yatsar Auta, ya yi baƙi-baƙi da kwalli. Na hagun kuwa ta duba ta ce ba za ta taɓa shi ba, wannan sai likita.

Duniya ta koma hazo a idon Madam. Mai kitso ta ce su tafi, za ta ba amarya haƙuri ta nemo mata wata. Auta ta riƙe hannun yayarta ta tsallakar da ita titi, ta tsayar da mota.

A benci suna jiran layi, Madam ta ce a hankali, "Ina kika koyi cirewa?"

"Na taɓa sawa."

"Ke? Yaushe?"

"Bayan ranar da kika leƙo ta taga. Na je aka ba ni, na bi duk abin da aka ce, amma idona bushewa yake yi, bai karɓa ba. Likita ya ce in koma tabarau, na koma." Ta cire tabaraun ta goge da gefen mayafi. "Kin san abin da ke ƙona mini rai, Yaya? Ba sunan ba ne, na saba da shi. Muna ɗaki ɗaya, gadona na kallon naki. Kin zaɓi ki kwana da ciwo, kin zaɓi ki sa ƙarfe a idonki, da dai ki ce Auta zo. Har haka na ƙasƙanta a wurinki? Yara a ajina suna kira na da sunan nan a bayan ido, ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da kika raɗa shi. Akwai yarinyar da aka yanka wa tabarau ta ƙi sawa, tana zama a gaba tana kuka ba ta ganin allo, don kada a ce mata ƙanwar Gindin Kwalba. Bakinki ne ya je har can."

Madam ta buɗe baki. Sai aka kira sunanta, suka shiga wurin likita.

Likita ta ciro abin da ya rage na lens ɗin, ta duba idon da na'ura ta daɗe. Maganarta a hankali ce kamar kullum, amma ranta a ɓace yake.

"Ranar da ya fara ja, da kin cire kin zo, da magani kaɗan ne da hutu. Yanzu gyambo ne a kan baƙin idon, ƙwayoyin cuta sun shiga, ƙarfe kuma ya ƙara yage wurin. Za mu yi ƙoƙari mu ceci idon. Ganin da ke cikinsa ban yi miki alkawari ba."

Aka shiga jinya. Maganin ɗigawa ba dare ba rana, kuma Madam ba ta iya ɗiga wa kanta, don idon ba ya buɗuwa sai an riƙe. Auta ce ta ɗauki hutu a makaranta tana yi. Ba ta yi mata gori ba, ba ta kuma yi mata hira ba. Ta wanke hannu, ta ɗiga, ta koma teburinta. Wannan shirun ya fi wa Madam zugin idon ciwo.

Wata rana da rana Madam ta ce a miƙo mata almakashi. Ta zauna a bakin gado ta yanke faratan, ba biyu ba, duka goman. Mama ta share su ta zuba a shara tare da ɓawon lemo.

Idon ya tsira, amma hakiya ta zauna a tsakiyar baƙin, fara fat. Da shi tana ganin haske da inuwar mutum, ba ta ganin fuska. Likita ta ce ita da lens har abada, sai tabarau. Ta koma shago daga baya, amma layin kwallin nan da ake zuwa dominsa daga nesa bai ƙara miƙewa kamar da ba. Da ido ɗaya hannu ba ya gane nisan fata, sai ya taɓa kafin lokaci ko ya tsaya a iska. Amare suka koma wasu wurare. Mai kitso ce ma ke turo mata masu son kwalliyar fita unguwa.

Ranar karɓar tabarau, Auta ce ta raka ta. Aka ɗora mata shi a hanci, mai kauri, mai nauyi. Ta dubi madubi ta ga idonta ya koma ɗan mitsitsi a bayan gilashi. Ta juya ta dubi Auta, ta gan ta sarai. A gefen hancinta akwai tabo biyu baƙaƙe, inda tabarau ya shekara yana zama. Ita da sana'arta kallon fuska ce, ba ta taɓa lura da su ba.

Ta ce, "To, faɗi."

"In faɗi me?"

"Sunan. Yau ranarki ce. Faɗi ki huce."

Auta ta matso ta gyara mata hannun tabaraun a bayan kunne, inda ya ɗan karkace. Ta ce, "Ni suna ɗaya na san ki da shi, Yaya. Tashi mu tafi, Mama na jira."

Madam ta fashe da kuka a gaban mutane, gilashin ya yi hazo, ba ta san yadda ake yi ba. Auta ta zare shi, ta nuna mata yadda ake gogewa da gefen mayafi.

Darasi: Girman kai ba ya warkar da ciwo, ɓoye shi kawai yake yi har ya ci abin da ba ya dawowa. Kada ka yi wa kowa dariya a kan lalurar jikinsa, domin dariyar ce za ta tare maka ƙofar neman taimako ranar da taka lalurar ta zo. Masu sa lens kuma, ku bi abin da likita ya ce: kada ku kwana da shi, kada ruwan famfo ya taɓa shi, idan ido ya yi ja ko zafi ku cire ku tafi asibiti a ranar. Tabarau ba abin kunya ba ne. Ku tura wannan ga 'yan uwa da ƙawaye, wataƙila akwai mai jan ido a cikinsu da ke ɓoyewa a bayan baƙin gilashi.